Kuɗin wuta a Arewacin Kamaru: me ake nufi da sakin kasuwa, kuma wa zai biya?

Za a ƙara kuɗin wuta ko ba za a ƙara ba? Wannan tambaya ce ke yawo a majalisu da shaguna daga Ngaundere zuwa Garwa har Kuseri, kuma ta ƙara ƙarfi tun watan Nuwamban 2025, lokacin da gwamnatin Kamaru ta sa hannu kan yarjejeniyar sayen kason da kamfanin Actis na Ingila yake da shi a Eneo, kamfanin wutar ƙasar, wato kashi 51 cikin 100, a kan sefa biliyan 78. Wasu suna hamdala, suna cewa kayan ƙasa ya dawo hannun ƙasa, yanzu wuta za ta yi sauƙi. Wasu suna cewa an koma gidan jiya ne kawai, gwamnati ba ta taɓa iya kasuwanci ba, da ma an saki kasuwar gaba ɗaya kowa ya shigo kamar yadda aka yi da wayar hannu. A gefe kuma ga magidanta da ba ruwansu da wanda ya mallaki kamfanin, su dai rantsuwa suke yi cewa an daɗe da ƙara kuɗin a ɓoye.

Kowa yana da abin kamawa a maganarsa. Sai dai gardamar ta fi karkata ga wanda ke riƙe da makullin kamfani, alhali ba a nan gizo ke saƙa ba. Abin da ke yanke wa mutumin Arewa hukunci shi ne nawa ake kashewa kafin a samar da wutar, nawa ake sayar masa da ita, da wanda ke cike giɓin da ke tsakani.

Sayar da kamfani daban, sakin kasuwa daban

Wuta tana bin matakai kafin ta iso kwan fitila. Ana samar da ita a madatsar ruwa, ko tashar injuna, ko filin farantan hasken rana. Sai a yi dakonta a kan manyan turakun ƙarfe zuwa garuruwa. Daga nan a rage mata ƙarfi a tiransifoma, a raba ta unguwa-unguwa, a kafa mita, a karɓi kuɗi.

Idan aka ce an sayar da kamfanin wuta ga 'yan kasuwa, mai shi ne kawai ya canza; kamfanin yana nan shi kaɗai a fili. Buɗe kasuwa kuma shi ne doka ta ba wasu damar shigowa su samar da wuta ko su sayar. Sakin farashi shi ne hukuma ta janye hannunta, mai saye da mai sayarwa su daidaita tsakaninsu. A Kamaru an yi na farko, an ɗan taɓa na biyu, na ƙarshen kuwa ba a taɓa yi wa gidaje ba.

Masu kawo misalin wayar hannu suna mance wani abu. Idan MTN ya ɓata maka rai, ka cire layi ka sa na Orange, ba ka tashi daga inda kake zaune ba. Amma babu ɗan kasuwar da zai kafa jerin turaku na biyu a lungun unguwarku don ya yi gasa da wanda ke wurin. Kuɗin ya fi ƙarfin ribar. Wayar da ta shigo gidanka guda ce, kuma mai ita ba shi da abokin takara ko da sunansa gwamnati ne ko Bature. Shi ya sa ko a ƙasashen da suka fi kowa son kasuwa, dako da rabawa suna ƙarƙashin hukuma mai yanke farashi. Gasa ta gaskiya a wajen samarwa take yiwuwa, ita ma sai in wutar ta wadata har masu ita suna neman mai saye. Inda wuta ba ta isa, mai ita ne sarki.

Daga Sonel zuwa yau

An kafa Sonel a 1974, kamfanin gwamnati mai riƙe da komai tun daga madatsa har mita. A ƙarshen 1998, a zamanin da Bankin Duniya da Asusun Lamuni na Duniya ke matsa wa ƙasashen Afirka su rage kamfanonin gwamnati, aka yi dokar buɗe harkar wuta, wadda ta haifar da ARSEL, hukumar da ke sa ido da yanke farashi. A 2001 kamfanin AES na Amurka ya sayi kaso mafi rinjaye, suna ya koma AES-Sonel. A 2014 AES ya sayar wa Actis ya tafi, aka raɗa wa kamfanin Eneo. Dokar 2011 ta share hanyar raba dako da sauran aiki, aka kafa Sonatrel a 2015 don ya riƙe manyan layuka, kuma na gwamnati ne. 'Yan kasuwa sun gina tashoshinsu a kudu, irin su Dibamba da tashar gas ta Kribi, daga baya madatsar Nachtigal.

Duk tsawon waɗannan shekaru gwamnati tana da kashi 44 cikin 100 a kamfanin, ita ke naɗa shugabannin ARSEL, kuma ba a ƙara ko sisi a kuɗin wutar gida sai da yardarta. Don haka mai cewa Turawa ne suka yi ta ƙara farashi yadda suka ga dama bai faɗi daidai ba. Mai cewa an gwada sakin kasuwa ya gaza, shi ma ya yi gaggawa. Abin da aka gwada shi ne damƙa wa ɗan kasuwa kamfanin da ba shi da kishiya, sannan aka ɗaure masa farashi, aka kuma riƙa cin bashinsa.

Farashin takarda da abin da ke fita daga aljihu

Farashin wutar gida da ARSEL ta yanke a 2012 ya kasu rukuni-rukuni bisa yawan abin da mita ta ci a wata. Daga kilowat 1 zuwa 110, sefa 50 kowane kilowat. Daga 111 zuwa 400, sefa 79. Daga 401 zuwa 800, sefa 94. Abin da ya haura haka, 99. Masu shago da ƙananan sana'o'i nasu ya fara ne daga 84. Wannan jadawali ya shafe fiye da shekara goma ba a taɓa shi ba, alhali a cikin wannan lokaci buhun siminti da litar mai da kuɗin haya duk sun tashi.

To me ya sa magidanci ke rantsuwa an ƙara masa? Domin sau da yawa abin da yake biya ya ƙaru da gaske, ko da jadawalin bai motsa ba.

A ɗauki gidan haya mai ɗaki-ɗaki, irin wanda ya cika unguwanninmu, iyali huɗu a kan mita ɗaya da sunan mai gida. Kowane iyali yana da fanka biyu, kwan fitila uku, talabijin, da cajin waya. A ce kilowat 80 a wata. Da kowa yana da mitarsa, da yana cikin rukunin sefa 50, kuɗinsa 4,000 kafin ƙananan caje-caje. Amma mita ba ta san iyali huɗu ba ne. Kilowat 320 take gani, sai ta jefa su rukunin 79. Ba a nan abin ya tsaya ba: tun 2019 an yafe wa gidan da bai wuce kilowat 220 ba harajin kayan masarufi na kashi 19.25 cikin 100, su kuwa sun wuce, don haka haraji ya hau. Talakawa huɗu da aka yi rangwamen dominsu sun zama mai hali ɗaya a idon kamfani. Ranar da takarda ta zo kuma sai rigima ta koma cikin gida. "Alhaji, ni fa fanka ɗaya gare ni, a duba mai firiza." "Malam, ni ba ni na rubuta takardar ba, ga ta nan ka karanta." Kowa ya san wannan zance, kuma an sha ɓata zumunci a kansa.

Zafi ma yana da nasa hannun. Fanka mai cin wat 60, idan ta yi awa 12 kullum, ta ci kusan kilowat 22 a wata. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin Garwa ke haura digiri 40, ba awa 12 take yi ba, kwana take tana juyawa, firiji kuma ba ya hutawa. Gidan da ke zaune lafiya a ƙasa da 110 lokacin hunturu sai ya tsallaka rukuni na gaba ba tare da ya sayi sabon kaya ko ɗaya ba.

Sai batun mita. Tsohuwar mita mai juyawa takan gaji ta riƙa rage lissafi, wasu kuma an taɓa ta da gangan. Da aka zo da mai kati, wadda ake sayen wutarta kafin a sha, mutane da yawa suka fara ganin ainihin abin da suke ci. A watan Nuwamban 2024 kuma aka daidaita farashin masu kati da na masu takarda. Wasu sun samu sauƙi, wasu kuwa, musamman masu sana'a, sun ga katinsu yana ƙarewa da wuri. Akwai kuma takardar ƙiyasi, wadda ake rubutawa ba tare da an karanta mita ba, daga baya a zo da cikon da ke tayar da hankali. Wannan koke na gaskiya ne, kuma ba ya cikin jadawalin kowa.

Ƙarin da aka yi a fili ya faɗa kan manya. Daga farkon 2023 an ɗaga wa masana'antu da manyan kamfanoni farashi. Magidanci ba ya ganin wannan a takardarsa, amma masana'antar da ke gurzar auduga ko tatsar mai ko yin siminti ba daga aljihunta za ta biya ba, a kan kaya za ta ɗora.

Mafi tsadar wuta kuwa ita ce wadda ba ta zo ba. Mai walda da aka ɗauke wa wuta tun safe yana da zaɓi biyu: ya sallami yara ya rufe, ko ya tayar da janareto. Ƙarin Fabrairun 2024 ya kai litar fetur sefa 840, gazuwal, wato man dizal, 828, kuma zuwa-zuwa, fetur ɗin bayan fage da ake shigowa da shi daga Najeriya, ya daina zama mafaka tun da aka cire tallafin mai a can a 2023. Ƙaramin janareto yakan sha rabin lita ko fiye kafin ya ba da kilowat ɗaya. Wato kilowat ɗin da kamfani zai sayar masa ƙasa da sefa 100, shi yana samar wa kansa a kan 400 ko sama, ban da gyara da baƙin mai. Mai sayar da ƙanƙara da ruwan sanyi ko wannan zaɓin ba ta da shi: firiza ta narke, jarin ranar ya bi ruwa. Haka mai niƙa, haka tela ana gobe Sallah.

Lagdo da gazuwal

Layin wutar jihohin Adamawa da Arewa da Arewa Mai Nisa a ware yake, ba a haɗe yake da na kudu ba. Manyan madatsun kogin Sanaga, su Edeya da Songlulu da Nachtigal, wutarsu ba ta da hanyar isowa Marwa. Uwar wutar Arewa ita ce madatsar Lagdo a kan Binuwai, kudu da Garwa, wadda 'yan China suka gina aka gama a 1982, zamanin Ahmadu Ahidjo. Injuna huɗu gare ta, ƙarfinta duka megawat 72. A lokacin ta wadatar har da saura. Yau jama'ar jihohin uku sun ninka, garuruwa sun faɗaɗa, injunan sun tsufa, yashi da laka kuma sun cinye wani ɓangare na cikin tafkin.

Lagdo ruwan damina ɗaya take tarawa ta yi ta ci har wata daminar. Idan ruwa ya yi ƙaranci, kamar yadda aka gani a 2020 da 2021, sai a shiga rabon wuta unguwa-unguwa na watanni. Kuma ƙarshen ruwan yana zuwa ne daidai lokacin da aka fi buƙatar wutar, a tsakiyar bazara. Abin mamaki, shekarar da ruwa ya yi yawa kuma sai an buɗe ƙofofi, mutanen Yola da Makurɗi su kwana cikin fargaba, kamar 2012 da 2022. Madatsa ɗaya, kuka biyu.

Idan Lagdo ta gaza, injunan mai ake tayarwa, irin na Jambutu a Garwa. Nan lissafi yake rikicewa. Babban injin gazuwal yana shan abin da ya haura rubu'in lita a kowane kilowat. A farashin gidan mai, kuɗin man kaɗai ya wuce sefa 200, ga shi kuma sai an yi dakonsa daga Duwala, jirgin ƙasa zuwa Ngaundere, tanka zuwa Garwa. Sannan a sayar da wannan kilowat a kan 50 ko 79.

Abin da ya sa haka ke yiwuwa shi ne tsarin farashi ɗaya a ƙasa baki ɗaya. Mutumin Mokolo da mutumin Duwala jadawali ɗaya suke bi, ko da yake kuɗin kai musu wutar ba ɗaya ba ne. Wutar ruwa mai araha ta kudu ce ke ɗaukar nauyin gazuwal ɗin Arewa. Wannan gata ne babba, kuma yawancin masu kiran a saki farashi a majalisunmu ba su san suna cin moriyarsa ba. Amma gatan yana da ƙaya. Duk kilowat ɗin gazuwal da aka sayar a Arewa asara ce ga mai sayarwa, saboda haka kamfanin da kuɗi ya yanke masa ba ya ɗokin sayen mai. Ɗauke wuta ya fi masa sauƙi. Arahar da ke rubuce a takarda, da duhu muke biyan cikonta.

Abin da ya ɗan sassauta lamarin a 'yan shekarun nan shi ne tashoshin hasken rana na Marwa da Gidar, megawat 15 kowacce, da batura, waɗanda wani reshen kamfanin Scatec na Norway ya kafa aka ƙaddamar a 2023. Da rana suna ɗauke wa Lagdo nauyi, a adana ruwa don dare, a kuma rage ƙona mai. Ya kamata masu zagin 'yan kasuwa baki ɗaya su lura cewa wannan ma ɗan kasuwa ne ya kawo shi, kuma cikin ɗan lokaci.

Wa ke cike giɓin?

A ƙa'ida, duk shekara ARSEL tana lissafa abin da ya kamata kamfani ya samu don ya biya kuɗin samarwa da dako da gyara da ribarsa. Idan farashin da aka ɗaure bai kai ba, baitulmali ne zai biya bambancin. Wato tallafi ne, kamar na mai, sai dai ba a ganinsa a famfo. Matsalar ita ce biyan ba ya zuwa a kan lokaci. Ban da haka, ma'aikatu da ƙananan hukumomi da fitilun titi da wasu manyan kamfanonin gwamnati suna shan wuta su tara bashi na shekaru, kuma babu mai ƙarfin halin hawa turke ya yanke musu kamar yadda ake yanke wa mai shago da ya yi jinkirin mako biyu.

Daga nan bashin yake gangarawa. Kamfanin rabawa bai karɓa ba, don haka bai biya Sonatrel ba, bai biya masu tashoshi ba, bai biya masu mai ba. A 2024 kamfanin Globeleq ya kashe tashoshinsa na Kribi da Dibamba saboda bashin da yake bi, kudu ta shiga duhu. Nachtigal kuma, mai megawat 420, wadda injinta na bakwai kuma na ƙarshe ya fara aiki a 2025, kwangilarta ta tanadi a biya ta abin da ya kai sefa biliyan 10 a wata, ko an kwashe wutar ko ba a kwashe ba. Irin wannan sharaɗi ne masu ba da rance ke nema kafin su zuba kuɗi, kuma canjin mai kamfani ba ya goge shi.

Sai ɓarna. Fiye da rubu'in wutar da ke shiga layin rabawa ba ta komawa kuɗi. Wani kaso yana ƙonewa a tsofaffin wayoyi da tiransifomomin da aka yi wa lodi fiye da kima, wani kuma sata ce. A nan sai mu faɗa wa kanmu gaskiya: wayar da aka ja ta bayan mita, da yaron unguwa da ake ba ɗan abu ya haɗa da dare, ba Bature ba ne ya kawo su. Kuma satar manya, masu na'urar sanyaya ɗaki biyar da mitar da ba ta motsi, ta fi ta mai kwan fitila biyu nesa ba kusa ba. Duk wanda ke biya tsakani da Allah yana ɗauke da wani kaso na wannan.

Yanzu da kamfani ya dawo hannun gwamnati, mai bin bashi da wanda ake bi sun zama mutum ɗaya. Wannan zai iya sauƙaƙa warware lissafi. Zai kuma iya sa bashin ya ɓace daga ido kawai, a daina jin ƙararsa har sai injuna sun tsaya.

Abin da maƙwabta suka gani

Najeriya ta raba kamfaninta ta sayar a 2013. Wanda ya sayi kamfanin raba wuta na Yola bai yi shekara biyu cikakku ba ya mayar wa gwamnati a 2015, yana kuka da rikicin Boko Haram. Ɗan kasuwa ba ya zama inda karɓar kuɗi ke da wuya, kuma Mora da Kolofata ba su fi Mubi kwanciyar hankali ba. A Afrilun 2024 aka ɗaga wa rukunin da ake kira Band A farashi daga wajen naira 68 zuwa 225, bisa alkawarin wutar awa 20 a rana. An yi ta ƙorafin cewa kuɗin ya zo, awannin ba su cika ba. Duk da haka tunanin ɗaura farashi a kan awannin wuta abin dubawa ne.

Chadi ta bi ɗaya hanyar. Kamfanin Vivendi na Faransa ya karɓi ragamar kamfanin ruwa da wuta a 2000, ya fice a 2004. Ƙasar tana fitar da ɗanyen mai tun 2003, amma wajen mutum ɗaya cikin goma ne ke da wuta. A 2024 gwamnati ta sanar da wutar gida kyauta zuwa wani adadi har ƙarshen shekara. Wanda ya je Njamena a bazara ya san ƙarar janareto ba ta ragu ba saboda wannan sanarwa, kuma mutumin ƙauye da ba shi da waya bai ci komai a ciki ba.

Can nesa, jihar Kalifoniya ta Amurka ta saki kasuwar sari ta wuta bayan dokar 1996, ta bar farashin gidaje a ɗaure. A 2000 da 2001 dillalai irin su Enron suka yi wasa da ƙarancin wuta, farashin sari ya yi tashin gwauron zabi, aka shiga ɗauke wuta a ɗaya daga cikin wurare mafi arziki a duniya. Kodebuwa kuwa ta ba ɗan kasuwa riƙon kamfaninta tun 1990, har ta kai tana sayar wa maƙwabta wuta. Sunan mai kamfani bai isa ya bayyana wannan bambanci ba.

Idan aka ƙara, ko aka saki

Masu goyon bayan ƙari, ciki har da masu ba ƙasar rance, hujjarsu ita ce tallafin yana tafiya inda bai dace ba. Wanda ya fi shan wuta shi ya fi cin tallafi, mai gidan bene da na'urorin sanyi ya fi mai fanka amfana, ƙauyukan Mayo Sava da Logon da Shari da ba su taɓa ganin turke ba kuwa ba su samun ko anini, ga shi kuɗin daga baitulmalin kowa ya fito. Wannan hujja tana da nauyi, musamman a Arewa Mai Nisa inda marasa wuta suka fi masu ita yawa ƙwarai.

Masu adawa suna cewa kafin a taɓa aljihun talaka, gwamnati ta fara biyan nata bashin, a toshe sata, a daina takardar ƙiyasi. Suna kuma tambaya: a ƙara kuɗin me, abin da ba ya zuwa? Ga ma'aikacin da albashinsa sefa 60,000 ne, ƙarin dubu biyu a wata kuɗin cefanen kwana ne. Ita ma wannan hujja ba ta da makusa.

A ganina ƙari zai zo, ko bana ko baɗi, domin farashin 2012 ba zai ɗauki kwangilolin 2025 ba, kuma baitulmalin da ya kasa riƙe tallafin mai ba zai riƙe na wuta har abada ba. Inda ya kamata mutanen Arewa su sa ƙarfinsu shi ne siffar ƙarin. Idan an bar rukunin kilowat 110 yadda yake aka ɗora a kan manyan rukunai, yawancin gidaje za su sha da ƙyar amma za su sha. Wannan kariya ba za ta isa ga 'yan haya ba sai an sauƙaƙa kuɗin sa mita, kowane iyali ya samu tasa. Mai walda da mai niƙa kuwa, da za a tabbatar musu da wuta daga safe zuwa magariba, da yawansu za su karɓi ƙarin sefa 15 ko 20 hannu bibbiyu, tunda sun san abin da janareto ke ci. Sharaɗin shi ne alkawarin ya zama a rubuce, da awanni, da abin da za a rage wa mutum idan ba a cika ba.

Sakin farashi gaba ɗaya, kowane yanki ya biya gwargwadon kuɗin samar masa da wuta, shi ne abin da zai fi cutar da Arewa muddin layinta yana ware. Ranar da aka yi haka, Duwala za ta biya kuɗin ruwa, mu mu biya kuɗin gazuwal. Buɗe ƙofar samarwa kuwa, a ƙara irin na Marwa da Gidar, a ba masu ƙananan tashoshin rana lasisin haskaka garuruwan da layi bai kai ba, wannan alheri ne, in dai kwangilar a bayyane take kuma an yi takara kafin a bayar.

Layin da ake jira

Abin da zai canza lissafin daga tushe shi ne haɗa layin kudu da na Arewa. Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 385 a 2020 don aikin haɗa wutar Kamaru da Chadi, Bankin Raya Afirka ma yana ciki. Tsarin shi ne a ja babban layi daga yankin Nachtigal zuwa Ngaundere, a bi ta Garwa da Marwa, a tsallaka Bongor har Njamena. Aikin ya sha ɗage lokaci, kamar yadda madatsar Bini a Warak kusa da Ngaundere, mai megawat 75, ta daɗe a tsaye bayan an fara ta.

Idan layin ya iso, wutar Nachtigal da ake biya ko an sha ko ba a sha ba za ta samu masu sha, injunan gazuwal su koma na ko-ta-kwana, Lagdo ta riƙe ruwanta zuwa bazara. Giɓin da ke tsakanin kuɗin samarwa da na sayarwa a Arewa zai ragu sosai, wanda shi ne kaɗai sauƙin da ba a aljihun wani ake ɗaukowa ba. Amma layin yana da wani alkawari a kansa: megawat 100 da aka shirya sayar wa Chadi. Kogin Sanaga ma yana ja baya da rani, kuma buƙatar Duwala da Yawunde ba tsayawa take ba. A watan da wuta ba ta isa kowa ba, dole wani ya zauna a ofishin Sonatrel ya zaɓi wanda za a rage wa tsakanin masana'antun kudu, da Njamena mai kwangila a hannu, da Marwa. Dokar wannan rabo ce ya kamata 'yan majalisar jihohin uku su nemi a rubuta a kuma bayyana tun kafin a gama kafa turakun.